Kada a Sayar da Shagon Baba da Ɗaga Hannu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Inna, ki yi mini afuwa. Na san ba tarbiyyar da kika ba ni ba ce, a ce yarinyar da ko jarrabawar fita sakandare ba ta rubuta ba ta ɗauki biro za ta bar wasiyya, alhali na gaba da ita suna raye. Kin san halina, in baƙo ya yi sallama ni ce ta farkon shigewa ɗaki. Da bakina ba zan iya faɗin ko rabin abin da ke cikin takardar nan ba.

Ina rubutu ne da cikakken hankalina. Zazzaɓin ya sauka, ba a ba ni maganin da ke juya kai ba, na ci abinci, na san ranar da muke ciki. Ma'aikaciyar jinyar ɗakinmu da malamarmu ta darasin Gwamnati, wadda ta zo duba ni da rana, za su sa hannu a ƙasa cewa haka suka same ni. Na yi haka ne don na san abin da Baffa, ƙanen Baba, zai fara cewa: ciwo ya taɓa mata kai. Ciwon a zuciya yake. Ranar Alhamis za a buɗe ƙirjin a gyara, kuma na ji abin da babban likita ya faɗa miki a baranda, don tagar a buɗe take. Ana tashi daga irin wannan aikin, ana kuma rashin tashi.

Ba ni da 'ya'ya. Amma Auta, a bayana kika yi wayo lokacin da Inna take kan keken ɗinki tana taya Baba kalmasa. Dogo, ni na ja hannunka ranar da aka fara kai ka makaranta, kana tirjewa kana cewa takalmin ya matse ka. Ku biyun nake wa wannan wasiyya. Sauran su saurara, don akwai nasu a ciki.

A ranar Alhamis ɗin da za a shiga da ni ne Baffa ya sa zaman gida, don a yanke maganar sayar da shagon Baba ga mutumin da yake so ya mai da shi wurin sayar da wayoyi. Ranakun mako bakwai ne, ya zaɓi wadda ba zan san inda kaina yake ba. Na roƙi Inna ta ce a ɗage, Baffa ya ce mai saye ba ya jira. Da ɗinkin shagon nan muke ci, da kayan makarantar da ake kawo mana ɗinki duk farkon zango ake biya wa Auta makaranta. In ya tafi, ba abin da ya rage mana sai zaman jiran abin da Baffa ya ga dama ya miƙo.

Bari in rubuta yadda Baba ya tsara gidanmu, saboda shaidun nan biyu ba su sani ba, kuma wasu a gida sun fara yin kamar sun manta. Baba ya taɓa zama ɗan ƙungiyar teloli, har ranar da shugabansu ya gama wa'adinsa ya ƙi sauka, ya ce wa ya iya kamarsa. Baba ya fice, ya dawo gida ya fasa murfin gwangwanin alawa da almakashi. Daga ranar, duk maganar da ta shafi kowa a gida, sai a zauna a gefen teburin yanka bayan an rufe shago. Kowa a ba shi maɓalli biyu, fari da baƙi. Fari na yarda, baƙi ban yarda ba. Mutum ya shiga bayan labulen gwajin kaya shi kaɗai, ya jefa ɗaya a gwangwani, ɗayan ya zura a tsohuwar safa da ke rataye a ƙusa, don kada a gane abin da ya rage a hannunsa. Wanda ya kawo magana ba shi ke ƙirga ba. Ƙaramin cikinmu ne yake juye gwangwanin a kan tebur, kowa yana gani. In wani ba shi da lafiya, har gadonsa ake kai masa.

Sai da na shiga babban aji malama ta fara rubuta mana tsarin mulki, da rabon iko, da wa'adi a allo, na gane a gefen teburin yanka na fara karatun.

1. Kada a yanke maganar shago da ɗaga hannu. Tun da Baffa ya karɓi gida ya kulle gwangwanin a kabad, ya ce wasan yara ne, wai dangi ba sa ɓoye wa juna ra'ayi, mai gaskiya ya ɗaga hannu a gan shi. Ya zauna a kujerar Baba, ya faɗi abin da yake so, ya ɗaga nasa, sannan ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba neman ra'ayi ba ne, kiran sunaye ne irin na safiya a makaranta. Na ga hannun Inna yana tashi kamar an ɗaura masa dutsen guga, idonta a ƙasa, don ba za ta iya musa wa ƙanen mijinta a gaban 'ya'yanta ba. Baffa ya san haka, da shi yake cin kasuwarsa. Labulen nan don mai kunya da mai tsoro aka rataya shi. Mai ƙarfi ba ya bukatarsa.

In ya ce makullin kabad ya ɓata, Auta, ki ɗauko gwangwanin madara ki huda murfin. Maɓallai sun cika aljihun tebur. Ba a cikin wancan gwangwanin ikon yake ba. In kuma ya dage sai an ɗaga hannu, ku ɗora hannuwanku a cinya. Kada ku ɗaga a na yarda, kada ku ɗaga a ban yarda ba. Ku bar shi da Yaya, babban wanmu, su ƙirga hannuwansu biyu su ga ko sun isa sayar da gumin mutum.

2. Kuskuren da aka yi bayan rasuwar Baba, kada a sake shi. Ina kwance a wannan asibitin aka yi zaman, ba a kawo mini gwangwani ba, karo na farko ke nan da aka tsallake mara lafiya. Kowa yana cikin kuka, Yaya ya miƙe ya kawo shawarar a ba Baffa makullin shago, da kujerar Baba, da maɓallin Baba, har sai komai ya daidaita. Fari ya fito duka. Ba wanda ya tambayi yaushe ne komai zai daidaita, ko wa zai ce ya daidaita. Kuna 'ya'yan tela, kuka yanka yadi ba awo. Baba ko wandon ɗan yaye ba ya sa wa almakashi sai ya ja alli.

Yau an ɗauki lokaci mai tsawo, kuma duk wanda ya tambayi Baffa sai ya ce ai abubuwa ba su daidaita ba tukuna. Ba za su taɓa daidaita ba, tun da ranar da suka daidaita ita ce ranar da zai miƙa makulli. Malama ta ce haka masu mulki suke yi da dokar ta-ɓaci, a ba su aron iko don a kashe gobara, su riƙa hura wutar don kada a ce su dawo da bokiti. Daga yau duk wanda za ku ba riƙon wani abu, ko makullin banɗaki ne, ku faɗi ranar da zai dawo da shi, ku faɗi yadda za a karɓe in ya ƙi. Ku yi haka ko da mutumin kirki ne, ko da Inna ce. Ba don mutanen kirki ake kafa doka ba, don ba a san wanda kujera za ta canza ba sai ya zauna.

3. Maɓallin Baba da ke hannun Baffa yana ci mini rai. Baffa ba magaji ba ne, ko allura ba shi da ita a shagon nan, ko zare bai iya zura wa keke ba. Ranar da ya ce zai gwada, sai da Dogo ya yini yana warware kwarkwaro. Duk da haka ban ce a ƙwace maɓallin da ƙarfi ba. Ta gwangwani aka ba shi, ta gwangwani kawai za a karɓe. In muka fizge don mun tsane shi, mun zama shi. Ya shiga bayan labule ya jefa guda ɗaya kamar kowa. Amma shi ya kawo maganar sayarwa, saboda haka ba shi zai ƙirga ba, ba kuma Yaya ba. Yanzu Baffa ne mai kawo magana, shi ne mai ƙirga hannu, shi ne mai riƙe makulli, in an yi ƙorafi kuma shi ne alƙali. Ko kura aka tara wa wannan aiki sai ta ji kunya. Auta ce za ta juye, a kan tebur, da hasken rana.

4. Yaya, wannan naka ne, kuma ba zan sassauta ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baffa baƙo ne a shagon, kai kuwa a ƙarƙashin teburin yanka ka yi rarrafe. Kai Baba ya koya wa yanka wuyan riga, aikin da bai yarda kowa ya taɓa ba. Kai ne ka fi kowa murna ranar da Baba ya sha kaye a maganar tantabaru. Ka tuna? Ya so ya gina musu ɗaki a saman rufi, ya yi mako yana lallashinmu, har alawa ya saya mana, aka juye gwangwani baƙi ya rinjaya. Ya ce mun ci alawarsa mun ci amanarsa, ya yi kwanaki yana kiranmu 'yan adawa. Amma bai sayi tantabara ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Sai dai ya tsaya a ƙofar shago yana kallon na maƙwabta suna shawagi. Gidansa ne, rufinsa ne, da ya ga dama da ya gina, ba mai hana shi. Ya sa kansa ƙarƙashin dokar da ya kafa, shi ya sa muka bi ta.

Kai ka ga wannan da idonka, yau kai ne mai gyara wa Baffa kujera, kai ne mai cewa magana ta ƙare tun ba a fara ba. Na san kana so ka karɓi rabonka ka tafi wani gari, ka gaji da ƙarar keke. Wannan haƙƙinka ne, da ka kawo shi gaban teburi da mun saurara, wataƙila ma a samo hanyar da za ka tafi shago ya tsaya. Ka zaɓi ka bi ta bayan gida. Da ka zo duba ni ka tsaya a bakin ƙofa kana latsa waya, ka ce in daina sa wa kaina damuwa, manya suna kula da komai. Ba a kula da mutum ta hanyar sayar da abin da yake ci ranar da aka sumar da shi. An ce mai wasiyya ya kashe rigima kafin ya tafi. Wannan ban iya kashe ta ba, kuma ba zan yi ƙarya a takardar da mai yiwuwa ita ce ta ƙarshe ba.

5. Akwai abin da maɓalli ba ya taɓawa. Auta, kina ƙarama sosai lokacin da muka haɗa kai mu uku, ni da Yaya da Dogo, muka kawo shawarar ke za ki riƙa wanke kwanuka kullum. Fari ya rinjaya, muna ta tsalle. Baba ya tattara maɓallan ya mai da su aljihun tebur, ya ce rinjaye yana zaɓar launin fentin shago, ba ya mai da ɗaya daga cikinku baiwa. Na ji Baffa ya fara cewa in an sayar da shago za ki koma gidansa ki taya matarsa aiki, karatu ya jira. Ko da duk gidan sun jefa fari a kan wannan, bai halatta ba. Karatunki, da ɗakin Inna, da abincin kowa ba abin jefa wa ƙuri'a ba ne. Duk wanda ya kawo su teburi, ku tashi ku bar masa teburin.

6. Kayana ba su da yawa. An koya mana cewa ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, saboda haka wannan roƙo ne. Auta ta ɗauki kayan makarantata, Inna za ta rage mata tsawon siket ɗin, da jakata, da ƙaramin almakashin da Baba ya ɗaura wa jan zare don kada ya ɓace cikin na shago. Dogo ya ɗauki agogon Baba da ke hannuna, yana gudu kaɗan, kada ka kai shi gyara, haka Baba ya bar shi don kada ya makara. Inna, hijabina mai ruwan toka naki ne, dama ke kika ɗinka. Akwai littafin ɗakin karatu na makaranta a ƙarƙashin matashina na gida, a mayar, an daɗe ana cigiyarsa. Ƙawata da muke zama benci ɗaya ta ara mini na'urar lissafi, tana cikin jaka, a kai mata kafin jarrabawa.

Baffa kaɗai ne zan iya yi wa kyauta ba tare da neman yardar kowa ba, tun da ba ya cikin magada. Na bar masa littafina na darasin Gwamnati. Na naɗe masa gefen shafin da ke bayanin yadda mai riƙon amana yake sauka.

7. Ƙuri'ata ba ta cikin kayan gado. Na so a kawo mini gwangwani nan kafin Alhamis kamar yadda Baba yake yi, Baffa ya ce asibiti ba wurin wasa ba ne. To, an hana ni. Kada wani ya ce zai jefa a madadina, kada a ƙirga wannan takarda a matsayin baƙin maɓalli. Ra'ayi ne, kowa ya ji shi: ban yarda a sayar ba. Amma waɗanda za su rayu da hukuncin su ne masu yanke shi. Wanda yake kabari bai kamata ya mulki masu cin abinci ba.

8. Dogo, saura kai. Ku biyar ne za ku zauna. Baffa da Yaya an san inda suka dosa. Auta ba ta ɓoye nata ba. Inna, in an ba ta labule, ina jin na san abin da hannunta zai yi. Kai ne na biyar, kuma Baffa ya riga ni lissafa wannan, shi ya sa ya yi maka alkawarin babur. Na ga yadda idonka yake bin kowane babur da ya wuce ƙofar shago, ban ga laifinka ba. Amma ka tambayi kanka, da me za a sayi babur ɗin? Da rabonka ne. Zai sayar da abinka, ya yanko maka kaɗan daga ciki, ka yi masa godiya har ƙasa. Mutumin da yake sayen maɓallinka yau ya san gobe ba zai sake bukatarsa ba, don in shago ya tafi ba sauran abin da za a zauna a kansa.

Kai ne ka fi mu duka hannu a keke. Baba bai faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura, amma na sha ganinsa yana juya ɗinkinka ciki da waje yana neman kuskure, ya rasa, ya ajiye yana gyaran murya.

Auta, ki daina kiransa direban babur ɗin iska. Dogo, ka daina ce mata lauyar kwanuka. Wannan rigimar kam ku kashe ta kafin Alhamis, don duk ranar da kuka kwana ba kwa magana, Baffa ne yake barci mai daɗi.

9. Wannan ya fi mini wuyar rubutawa. In an kawo gwangwani, an rataya labule, Auta ta juye a gaban kowa, fari ya rinjaya, to a sayar. Kada wanda ya yi kuka ya ce an yi maguɗi alhali ba a yi ba, kada a bi Dogo da harara ana neman sanin abin da ya jefa. Ba za mu yarda da gwangwani ranar da ya ba mu gaskiya kawai ba. In kuma baƙi ya rinjaya, Yaya yana nan Yayanku, a zuba masa abinci a kwanonsa, a zauna a saurari maganar tafiyarsa. Baffa a gaishe shi in ya shigo, a ba shi ruwa, ɗan'uwan ubanmu ne. Kujerar ce kawai ba tasa ba. Wanda ya sha kaye ba a korarsa daga gida, in ba haka ba gobe ba wanda zai yarda ya sha kaye.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku, Ya ba Inna haƙuri da tsawon kwana, Ya jiƙan Baba. Ku riƙe juna. Ku ci abinci a wuri ɗaya ko kuna fushi, ku yi gardamarku a gefen teburi ɗaya, kada ku bari wani ya riƙa kiranku ɗaya bayan ɗaya yana yi muku raɗa. Duk wanda na ɓata wa a cikinku ya yafe mini.

Dogo, in na farka ba zan tambaye ka abin da ka jefa ba. Ba ni da ikon sani, kuma ba wanda yake da shi.

Inna, hannuna ya gaji, an kuma zo gwada jini. Na karanta abin da na rubuta, na ga fushi ya fi yawa a ciki. Akwai maganar da nake so in yi wa Yaya wadda ba ta faɗa ba ce, na neme ta yau ban samu ba. In Allah Ya sa na tashi daga aikin nan, ina neman izininki in sake rubutawa.